Layin dogo ne ya kashe Nicodemus, ko dama ƙasar ce ba ta isa ba?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani ƙauyen manoma a Amurka da tarihinsa ya hana ni barci jiya, na ce bari in kawo shi nan mu baje. Sunansa Nicodemus, yana arewa maso yammacin jihar Kansas, cikin gundumar Graham, kusa da kogin Solomon. Baƙar fata ne suka kafa shi a 1877, shekara 12 bayan an gama yaƙin basasa an soke bauta. Galibinsu daga jihar Kentucky suka taso, kuma da yawa cikinsu a jikinsu suka ɗanɗana bautar, ba labari aka ba su ba. Cikin shekara goma garin ya yi jaridu biyu, banki, masaukin baƙi, shaguna, makaranta da coci-coci. A ƙidayar 2020 kuwa mutum 14 aka samu. Sha huɗu, ba kuskuren rubutu na yi ba.

Abin da na fahimta shi ne rana ɗaya aka tsinke wa garin nan jijiya. A 1888 kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa layin dogo, amma maimakon ya ratsa ta Nicodemus sai ya bi ta ƙetaren kogi, kamar mil shida daga garin, aka kafa tasha a wani wuri mai suna Bogue. 'Yan kasuwa suka kwashe komatsansu suka koma bakin tasha. Tun daga nan garin bai sake miƙewa ba. Ni dai na ce jirgin ƙasa ne ya kashe shi. Wa ke da ja?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a fara ja, ni tambaya gare ni. Mutumin da jiya-jiya aka 'yanta shi, ko anini bai gada ba, da me ya sayi gona?

Lauya:
Ba saye suka yi ba, Auta. Akwai doka da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862, wadda ta ce duk wanda ya cika shekara 21, ko yake riƙe da iyali, yana iya zuwa ya kama eka 160 a filayen gwamnati, wato kusan hekta 65. Sharaɗin shi ne ya gina muhalli, ya zauna a kai, ya noma shi tsawon shekara biyar, sannan a ba shi takardar mallaka. Kuɗin rajista duka-duka dala 18. Lura da shekarar da suka tashi ma. A 1877 ne gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga jihohin kudu, waɗanda su ne ɗan garkuwar da baƙar fata suke da ita. Mai hankali ya ga hadari ya haɗo, ya tattara 'ya'yansa.

Malamin Tarihi:
Haka ne Barista. Kuma akwai 'yan talla a cikin lamarin. Kamfanin da ya kafa garin haɗin gwiwa ne: wani Bature dillalin filaye, W.R. Hill, da wani limamin coci baƙar fata, W.H. Smith, da wasu abokansu. An buga takardu an rarraba a birnin Lexington na jihar Kentucky cewa duk mai son zuwa Kansas a ranar 5 ga Satumba 1877, dala biyar ta ishe shi. Mutum wajen 300 suka amsa. Shi Hill ɗin nan ya kafa wani garin a kusa ya laƙaba masa sunansa, Hill City, kuma yau shi ne hedikwatar gundumar. Dillali ba ya asara.

Gwaggon Yara:
Ku dai kuna ta lissafin eka da dala, ni abin da ya tsaya mini a rai labarin wata mata ce, Willianna Hickman, matar wani limami, da ta zo cikin ayarin 1878. Jirgi ya sauke su a wani gari Ellis, sama da mil 30 daga inda za su, sauran tafiyar a amalanke da ƙafa, ga yara ba lafiya. Da aka yi shelar an iso, ita ma ta ɗago ta zuba ido ta ko'ina, ba ta ga gida ko ɗaya ba. Ta tambayi mijinta ina garin yake. Sai ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga cikin ƙasa nan da can, ya ce ai ga shi nan. Ta fashe da kuka.

Ashe ramuka suka haƙa a jikin tudu, kamar gyare, suka rufa da kara da ƙasa, domin wurin ba itace balle a yi katako. Ku ɗan tsaya ku hango mace da goyo a cikin rami, ƙasa na zubowa daga rufi cikin tukunya, makamashin girki busasshen kashin bauna, waje kuma sanyin da ke daskarar da ruwa. Wallahi duk namijin da ya kai ni wurin nan sai mun yi shari'a.

Ɗan Auta:
Gwaggo ai da kin yi haƙuri, gaba ta fi baya yawa.

Gwaggon Yara:
Rufe mini baki, ɗan nema. Amma ka san wani abu? Matar nan ba ta koma ba. A Kansas ɗin ta tsufa, kuma da bakinta ta ba da labarin bayan shekaru masu yawa. Da ba ta faɗa ba, wa zai san an yi kuka a ranar? Takardun kamfani ai ba sa rubuta hawaye.

Sarkin Noma:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban tsoma baki ba. Malam, da girmanka, amma ka duba maganar da idon ɗan birni. Ka ga shago ya tashi ka ce gari ya mutu. Manomi ba a shago yake kwana ba.

Ku fara duba watan da suka iso. Satumba. A ƙasarsu lokacin an gama damina, hunturu ke tafe, kuma hunturunsu na ƙanƙara ne. Wanda ya iso sabon wuri bayan an gama shuka, shekara guda cur zai ci daga aljihu, su kuwa aljihun babu komai. Shi ya sa wasu suka juya tun a makonnin farko. Waɗanda suka tsaya, da taimakon da aka tara musu daga wasu garuruwa suka ga bazara, da tsintar ƙasusuwan bauna suna sayarwa, da tafiya ƙwadago nesa.

Na biyu, ƙasar da ba a taɓa sa mata ƙarfe ba daban take. Duk wanda ya taɓa sarar sabuwar gona ya san abin da nake faɗa. Saiwar ciyawa ta saƙe kamar tabarma, ka kafta fartanya ta dawo maka, tafin hannu ya yi kanta kafin azahar. Irin wannan ƙasa sai garmar ƙarfe da shanun huɗa ko dawaki. Su kuwa ƙalilan ne ke da dabba a shekarar farko, da shebur da fartanya wasunsu suka fara. An ba ka eka 160 amma ƙarfinka na eka biyu ne. Kyautar ta zama kallo.

Malamin Tarihi:
Ranka ya daɗe, ban musa wahalar farko ba. Amma ai sun haye ta. Zuwa tsakiyar shekarun 1880 suna noma alkama, masara da dawa, sun fita daga rami sun gina gidajen dutse. Har ɗan garin, Edward P. McCabe, aka zaɓa babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas gaba ɗaya a 1882, a jihar da Turawa suka fi rinjaye nesa ba kusa ba. Mutanen da suka yi wannan, fartanya ba ta kayar da su ba. Sai da jirgi ya kauce musu.

Injiniya:
Malam, bari in shigo ta ɓangaren Baba Sarkin Noma, amma ta wata ƙofar. Matsalar ruwa ce. Nicodemus na dab da layin da masana taswira ke kira digiri 100 na yamma, wanda a Amurka shi ne kamar iyaka tsakanin inda ruwan sama ke isar noma da inda ba ya isa. A yankin, abin da ke sauka a shekara bai wuce inci ashirin da 'yan kai ba, kuma ba shi da alƙawari: bana a yi ambaliya, baɗi ko yayyafi. Shi adadin eka 160 ɗin an yanka shi ne da tunanin gabashin ƙasar mai dausayi. A 1878, shekara ɗaya da kafa garin, wani masani John Wesley Powell ya kai wa majalisa rahoto cewa a busassun yankunan yamma gidan da zai rayu da kiwo yana buƙatar eka 2,560. Ba a saurare shi ba. Abin da ake yayi a lokacin shi ne wai ruwan sama yana bin garma, in ka huɗe ƙasa hadari zai zo. Dillalai suka yi ta tallar wannan tatsuniya. Gwamnatin da kanta ta dawo daga rakiyar lissafinta: a 1904 ta yi doka ta ba da eka 640 ga mai nema a yammacin Nebraska, jihar da ke maƙwabtaka da Kansas ta arewa.

To ko da jirgi ya tsaya a ƙofar kowane gida, me za a loda masa a shekarar fari?

Ɗan Auta:
Ni fa duk kuna kewaye-kewaye. A fito a faɗi gaskiya. Gari na baƙar fata, kamfani na Turawa, an zo an kauce masa da mil shida kacal an kafa sabon gari. Wannan sai an yi duba?

Lauya:
Auta, zarginka ba a banza yake ba, amma a kotu ba zai wadatar ba. Kamfanonin jirgi a zamanin sun saba wannan wasa da kowa. In suka bi ta tsohon gari, filayen bakin tasha na mutanen garin ne. In suka kauce suka kafa sabo, su da abokan cinikinsu ke yanka filaye su sayar. Garuruwan Turawa da dama a filayen yamma haka aka yi musu suka zama kufai. Mutanen Nicodemus ma sun san dawan garin, har ƙuri'a suka kaɗa a 1887 suka amince a ci bashi a ba wani kamfanin, Missouri Pacific, don ya kawo layinsa. Bai zo ba.

Inda wariyar take a fili, da hujja, ba a kan dogo ba ne, a teburin bashi ne. A 1920 manoma baƙar fata a Amurka sun haura 900,000. A ƙidayar noma ta 2017 ba su kai 50,000 ba. A 1997 wani manomi daga North Carolina, Timothy Pigford, ya jagoranci ƙarar ma'aikatar gona ta tarayya kan cewa ana hana baƙar fata rance, ko a ja musu rai har lokacin shuka ya wuce. A 1999 gwamnati ta yarda a yi sulhu ta biya diyya, a 2010 aka sake ware dala biliyan 1.25 don waɗanda ba su samu shiga zagayen farko ba. Baba Sarkin Noma zai gaya maka abin da rancen da ya zo bayan shuka yake nufi.

Sarkin Noma:
Sunansa bashi kawai, Barista. Ba taki, ba iri, sai ranar biya.

Ɗan Auta:
To ai maganata ce ta dawo, Yallaɓai. Ka kore ta ta ƙofa ta shigo ta taga.

Lauya:
Ta shigo, amma da takarda a hannunta. Bambancin ke nan.

Injiniya:
Malam, ga tambaya guda da nake so ka amsa. In jirgi ne rai, ina Bogue take yau? Garin da ya samu tashar, wanda ya kwashe shagunan, mutanensa yanzu ba su kai 200 ba. Gundumar Graham baki ɗayanta ta haura mutum 8,000 a 1910, a 2020 ba ta kai 2,500 ba. Wanda jirgi ya bi da wanda ya kauce wa, duk ramin ɗaya suka gangara, sai dai wani ya riga wani.

Dalilin a bayyane yake. Shekarun 1930 aka haɗa musu biyu: karyewar tattalin arziki da fari mai tsanani. Ciyawar nan da Baba ya ce tana mayar da fartanya, ita ce ke riƙe da ƙasar. Da aka huɗe miliyoyin eka aka zuba alkama, fari ya zo, iska ta ɗebe ƙasar sama ta yi gaba da ita. Ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta rufe rana a filayen yankin har mutane suka kunna fitila da tsakar rana. Bayan an farfaɗo kuma sai tarakta da injin girbi suka shigo. Aikin da gida goma ke yi, mutum ɗaya da inji ya gama. Gonaki a Amurka sun kai miliyan 6.8 a 1935, yau kusan miliyan biyu ne. Ƙasar ba ta ragu ba, hannayen da ke riƙe da ita ne suka ragu.

Malamin Tarihi:
Injiniya, ka kama ni a kan Bogue, ba zan yi gardamar banza ba. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Garin da ke da tasha yana da wurin ajiyar hatsi, yana da ciniki, yana da aikin da yaro zai kama in gona ta gaza. Bogue ta samu shekaru tana tsufa a hankali, Nicodemus kuwa tana ƙuruciya aka karya ta. Kuma ku duba McCabe da na ambata: zuwa 1890 yana Oklahoma yana kafa wani garin baƙar fata, Langston. Masu ilimi da masu jari su ne farkon tafiya. Gari in ya rasa irin waɗannan, wa zai je ya yi masa magana a gaban hukuma?

Gwaggon Yara:
Tun ɗazu ina jira wani ya tambaya, shiru. Filin da gwamnati ke rabawa kyauta, daga sama ya faɗo? Ba kowa a wurin kafin su zo?

Malamin Tarihi:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Akwai mutane. Filayen yammacin Kansas wurin farautar ƙabilun asali ne irin su Cheyenne da Arapaho. A 1867 aka sa su hannu a yarjejeniyar Medicine Lodge aka tura su yankin da yau ake kira Oklahoma, aka kuma karkashe baunar da suke rayuwa a kanta. Ƙasusuwan da mutanen Nicodemus suka tsinta suka sayar, ragowar wannan ɓarnar ce. Wani abin da zai ba ki mamaki, zuriyar garin suna ba da labarin cewa a hunturun farko 'yan ƙabilar Osage da ke dawowa daga farauta ne suka tarar da su cikin yunwa suka raba musu nama.

Gwaggon Yara:
Allah Sarki. Wanda aka kora ya ciyar da wanda aka 'yanta, a kan ƙasar da aka ƙwace. Ni wannan ya fi mini duk lissafinku nauyi.

Shugaban Zaure:
Jama'a muhawara ta yi daɗi. Tunatarwa kawai: wanda ya turo tallar waya a tsakiyar zance, na goge, kuma kada a sake. Ku ci gaba.

Sarkin Noma:
Ni kalmar "kashe" ɗin ce tun farko ba ta kwanta mini ba. Kufai shi ne inda ka je ka tarar da tsohuwar rijiya da kuka, ba mai ce maka sannu, ba wanda ya san kabarin wa ke nan. Nicodemus haka take?

Malamin Tarihi:
A'a ranka ya daɗe, ba haka take ba. Gine-gine biyar na tarihi suna tsaye: coci biyu, tsohuwar makaranta, masaukin baƙi na St. Francis, da zauren taron gari da aka gina da farin dutsen yankin a 1939 ƙarƙashin shirin samar da aiki na gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt. A 1996 majalisar Amurka ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Sannan tun 1878 suke bikin tunawa da 'yanci duk shekara, yanzu a ƙarshen watan Yuli ake yi. Jikoki da tattaɓa-kunne suna tahowa daga birane masu nisa, ɗaruruwansu, garin mutum 14 ya cika ya batse na kwana biyu ko uku.

Ɗan Auta:
Kwana uku a shekara! Baba, wannan ai ziyara ce, ba zama ba. Gari shi ne inda ake haihuwa, yara su tafi makaranta da safe. In ba jariri, gidan tarihi ne kawai da mai gadi.

Sarkin Noma:
Yaro, ba ka yi ƙarya ba, amma ba nan zan auna ba. Ni ma'aunina ɗaya ne: gonar tana hannun wa? In jikan wanda ya haƙa ramin nan yana riƙe da takardar ekarsa, ko da a birni yake kwana yana ba da haya ana noma masa, garin yana da sauran numfashi, domin ranar da birni ya ishe shi yana da inda zai dosa. In kuwa an sayar, to ko mutum dubu suka zo biki, baƙi ne a gonar wani.

Lauya:
Akwai zuriyar da har yanzu ke riƙe da gonaki a kewayen garin suna noma, Baba, ko da yake ƙasa mai yawa ta fita daga hannunsu. Kuma hanyar fitar ba kullum fari ba ce. Akwai wani tarko a dokar gadon Amurka da ya cinye gonakin baƙar fata da yawa, musamman a kudu. Mutum ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, gona ta zama ta magada duka a dunƙule, ba a raba ba. Bayan zuriya uku masu haƙƙi sun kai hamsin, wasu ba su taɓa taka wurin ba. Sai wani mai kuɗi ya lallaɓa ya sayi kason mutum ɗaya, ya garzaya kotu ya nemi a raba. Alƙali ya ce gona ba ta rabuwa hamsin, a yi gwanjonta. Wa kake jin zai saya?

Sarkin Noma:
Wanda ya sayi kason farko mana. Ikon Allah. Ashe ba sai da bindiga ba.

Injiniya:
Malam, yanzu ina ka tsaya? Har yanzu jirgi?

Malamin Tarihi:
Jirgi ya ɗauke kasuwa, a nan ban motsa ba. Gonar kuwa na bar muku ita, kai da Baba da Barista ku raba laifin tsakanin sama da banki da kotu. Amma Barista, tarkon nan na gado da ka faɗa, har yau haka dokar take ko an taɓa ta?

Lauya:
An taɓa ta a jihohi da dama tun bayan 2010. Yanzu a waɗannan jihohin dole a fara kimanta gonar, a ba sauran magada damar sayen kason wanda ke son fita kafin a kai ga gwanjo. Caji na ya kusa ƙarewa, in na isa gida zan warware yadda ake yin kimantawar.

Gwaggon Yara:
Sai ka dawo, Barista. Auta kuma ka nemo mana hoton ramukan nan, ina so in ga ta inda hayaƙin ke fita.